Gargaɗi: mai "gwajin kwamfuta" ya ci min dubu 440 a kan ƙwaƙwalwar motar da lafiyarta ƙalau

Jama'a, kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma in na yi shiru wani zai faɗa inda na faɗa. Naira dubu 440 na tura wa mutumin nan da hannuna. Dubu 440, a wannan marra.

Motata Nissan 350Z ce ta 2004, mai silinda shida, shekara huɗu tana hannuna. Kada wani ya ce ban san mota ba, ni nake canja mata baƙin mai tun da na saye ta. Matsalarta ita ce misin, wato wata silinda ta riƙa ƙin kama wuta, yana zuwa yana tafiya. Da safe lafiya lau. Sai inji ya yi zafi, in na taka totur zan wuce tirela a hanyar Zariya, ta kama karkarwa kamar ana riƙe ta ta baya, wutar cek tana ƙyaftawa. In na tsaya na kashe na sake tayarwa, shiru, kamar ba ita ba. Sau biyu ina kai ta gareji tana ƙin yi a gabansu.

A Facebook na ga tallar mai gwajin kwamfutar nan, da hotunan manyan motoci. Har gida ya zo, tsaf da shi, da na'ura a jaka. Ya soka ta a ƙarƙashin sitiyari, ya yi shiru yana kallon allon, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, Allah ya taimake ka ka kira ni. Ƙwaƙwalwar ce ta fara mutuwa." Kwamfutar da ke sarrafa injin yake nufi. Wannan girgiza kan nake ta gani har yanzu. Na ce ba fulogi ba ne? Ya ce, "Haba Alhaji, in fulogi ne ai kullum za ta riƙa yi." Maganar ta shige ni, don kuwa ba kullum take yi ba. Wa zai ji haka bai yarda ba?

Dubu 15 na gwaji. Dubu 380 na ƙwaƙwalwa 'yar Beljiyam. Dubu 45 wai na haɗa ta da makulli, kuma wannan gaskiya ne, motocin Nissan irin tawa in an canja ƙwaƙwalwa sai an haɗa ta da makullin kafin su tashi. Na bincika kafin na biya, na ga haka ne. Da gaskiya ya lulluɓe min ƙaryar. Dubu 440 cif.

Af, na manta, tun ranar farko kafin maganar kuɗi na ɗauki hoton allon na'urar da wayata, bai so ba, har ya ɗan kare da hannu. Ya tafi da motar kwana biyu, ko uku, ya dawo da ita wutar cek ta mutu. Kwana tara tana tafiya sumul, har na yi masa addu'a a waya. Rana ta goma, wajen Kwanar Ɗangora, ta dawo da karkarwarta. Na kira, ya ce mai ne marar kyau na sha. Na sake kira, ya ce yana Abuja. Yanzu layin ba ya shiga. Tsohuwar ƙwaƙwalwar da na ce ya kawo min, tun kafin wannan ma, cewa ya yi ya bar ta wajen mai kaya an rage min kuɗi.

Wani dattijon bakanike, abokin mahaifina, shi ya dubi hoton nan. Lambar matsalar da na'urar ta nuna ita ce P0303. Ya ce, "Ɗana, ai ta gaya maka da bakinta. Lambar ƙarshe ita ce silinda, ta uku ce ke misin. Da P0300 ce, shi ne ba a san wacce ba." Ya zare koyil ɗin ta uku, wato abin da ke ba fulogi wuta, sai ga robarsa jage-jage da baƙin mai, ramin fulogin ya taru da mai. Robar murfin inji ce ta tsufa take yoyo, mai ya jiƙa koyil, in ya ɗau zafi wuta ta riƙa tsallakewa. Bai tsaya nan ba, ya share ramin, ya musanya koyil ɗin da na silinda ta biyar, muka zaga har ta yi zafi. Lamba ta koma P0305. Ciwon ya bi koyil. Ko sisi wannan gwajin bai ci ba.

Sannan ya leƙa ƙarƙashin dashbod ɓangaren fasinja da tocila. Na durƙusa na gani da idona: ƙura kwance a kan ƙwaƙwalwar, notinan ko tabon sifana babu. Ba a taɓa ta ba. Goge lambar kawai ya yi da na'urarsa, ya ajiye motar kwana biyu, ya san ciwo ne mai ɓuya, zai samu sati kafin asiri ya tonu. Na ce, "Baba, dubu 440 fa." Bai ce komai ba, ya ci gaba da goge hannunsa.

Koyil ɗaya, fulogi shida da murfin inji aka canja, don a wannan injin robar ramin fulogi a jikin murfin take. Sati uku ke nan ko gezau.

Ku ɗauki hoton lambar, ku sa a musanya koyil a gabanku, kada ku bar kowa ya tafi da tsohon kayanku. In wutar cek tana ƙyaftawa kuma ku daina taka ta.

Rasit ɗin tura kuɗin guda uku, hirarmu ta WhatsApp da hoton allon duk suna wajena, zan ɗora su da daddare in na rufe lambar asusuna. Wanda ya taɓa kai masa mota a kan ƙwaƙwalwa ya yi min magana ta akwati, ranar Litinin zan kai ƙara kuma ina neman shaidu.