Kafin ka sayi tsohuwar Porsche, RX-7 ko MGB, leƙa yadda take sanyaya baƙin mai

Mai son tsohuwar motar gudu yakan duba fenti, ya saurari ƙarar inji, ya tambayi kilomita nawa ta ci, amma da wuya ya durƙusa ya nemi kular da ke sanyaya baƙin mai. Alhali a irin waɗannan motoci ita ce ke nuna maka kalar matsalar da za ka gada. Inji ya fi son mai ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas. In ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya tsinke ya kasa riƙe ƙarafa. In kuma bai yi zafi sosai ba, raɓa da fetur ɗin da suka shiga cikinsa ba za su ƙone su fita ba.

Hanyoyi biyu kamfanoni suka bi: ko iska ta sanyaya man, ko ruwan lagireto. Sai dai inda aka ajiye kular ya fi nau'inta tasiri.

Ɗauki Porsche 911 ta farko, wadda aka fara sayarwa a 1964. Injinta a baya yake, ba ta shan ruwa, don haka mai ne ke ɗauke babban kaso na zafin. An manna kular a jikin injin, fankar da ke hura silinda ita ke hura ta. Tsari ne mai sauƙi, babu dogayen bututu, kuma ko a cunkoso iska na ratsa ta tunda fanka na juyawa muddin inji na aiki. Illarta ita ce ƙura da ɗigon mai suna haɗuwa su toshe fukafukanta a inda ido ba ya gani, kuma in robobinta suka bushe suka fara yoyo, sai an kwance abubuwa da dama kafin a kai gare su. Wanda ya san Beetle ya san ƙanin wannan tsari: a tsofaffinta kular tana tare wa silinda ta 3 iska har ta fi sauran zafi, sai a 1971 Volkswagen ya jaye ta gefe ya ba ta mafitar iskarta daban.

Da ƙarfin 911 ya ƙaru, kula ɗaya ta gaza. Aka ƙara ta biyu a gaba, cikin madigadin dama, da bututu biyu na tagulla da ke bin gefen motar daga baya har can. A nan ne mai saye zai buɗe ido, domin abin da ke cikin madigadin ba iri ɗaya ba ne. 911 SC da yawa, musamman waɗanda aka sayar a Amurka, wani lanƙwasasshen bututu kawai gare su, ba fukafukai ba komai. A ƙasar sanyi yana ɗan taɓukawa, amma ni ban ɗauke shi kula ta gaske ba. 911 Carrera 3.2 da ta fito a 1984 ta zo da ƙirar da ta fi wannan nesa ba kusa ba, daga baya ma aka sa mata fankar lantarki. In kana tsakanin SC da Carrera kuma a wuri mai zafi za ka hau, irin zafin Afrilun Kano ko Yamai da ke haura 40, to lissafa kuɗin sauya wancan bututu a cikin farashin SC ɗin.

Ga gwaji mai sauƙi. Akwai tamostat a wajen tayar baya ta dama da ke buɗe wa mai hanyar gaba in ya ɗan wuce digiri 80. Bayan ka tuƙa motar ta yi zafi sosai, kai hannu kusa da bututun nan a hankali. In da sanyi, ko tamostat ta maƙale ko hanya ta toshe. Ka kuma bi su da ido tsawonsu, domin bakaniken da bai san motar ba yakan kafa jak a kansu ya murƙushe su.

MGB ta Ingila, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, ba ta da wannan rikici. 'Yar kula ce a gaban lagireto da tiyo biyu, babu tamostat, kodayake ba kowace MGB ce ta zo da ita ba. Sayenta da sauyata ba tsada. Abin dubawa shi ne shekarun tiyon, don in ɗaya ya fashe kana gudu, mai zai ƙare kafin ka ankara.

Sai ɓangaren ruwa. A nan mai da ruwan lagireto suna wucewa kusa da juna, siririn ƙarfe ne ya raba su. Fa'idarsa biyu ce: da safe ruwa ya riga mai ɗumi, sai ya taimaka masa ya yi zafi da wuri, in tafiya ta miƙa kuma ya kwashe masa zafi. Babu abin da dutse zai fasa a gaba, babu buƙatar gudu kafin ya yi aiki. Mazda MX-5 mai inji 1.8 tana da irinta a gindin filtar mai, kuma ba kasafai take ba da ciwon kai ba.

Porsche 944 marar turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), ban da samfurin S2, ita ce darasi a kan ɗaya fuskar. Kularta tana cikin wani gida a jikin inji, robobi ne ke hana mai da ruwa haɗuwa. In suka tsufa, mai ya fi ruwa ƙarfin turi, sai ya kutsa. Buɗe murfin tankin ruwa inji na sanyi: in ka ga abu mai kauri kamar shayin da aka cika wa madara, ka san inda aka kwana. Wasu sukan ɗora laifin a kan gasket ɗin kan inji su kwance shi a banza. Gyaran robobin ba shi ne abin tsoro ba, tambayar ita ce tun yaushe ake tuƙa ta a haka, domin in ruwa ya koma cikin mai, ƙarafan karanshaf ne ke biya. 944 Turbo an ba ta kular iska a waje, wanda ke nuna inda kamfanin kansa ya ga iyakar tsarin ruwa.

Mazda ma ta gwada duka biyun a RX-7, mota mai injin rotari wanda mai ke sanyaya cikin rotocinsa kai tsaye. Na farkonta, har zuwa 1982, kular iska gare su a gaba. Daga 1983 zuwa 1985 injin 12A ya koma wata kular ruwa a ƙarƙashin filta, wadda masu motar ke yi wa laƙabi da amyar zuma. Samfurin RX-7 GSL-SE mai injin 13B ba ta bi wannan ba, kuma ƙirar da ta biyo baya ta koma kular iska babba. Da yawan masu amyar sukan cire ta su nemo ta gaba. Ni ma a RX-7 kular iska ta gaba zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

To wacce za ka ɗauka? In yawon gari ne, da tsaye-tsaye da gajerun tafiye-tafiye, kular ruwa ta fi dacewa, da sharaɗin lagireto lafiyayye ne, tunda duk zafin man a kansa ake jibge shi. Kuma a daina ɗura mata ruwan rijiya tsura, tsatsa ce ke fara huda siririn ƙarfen nan. In kuwa doguwar hanya ce da gudu cikin rana, kular iska mai tamostat da fanka ba ta da na biyu.

In mai sayarwa ya ce maka an taɓa sake injin bayan ya buga, tambaye shi ko an sauya kular. Ɓarɓashin ƙarfe yana laɓewa a lungunanta, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma zai dawo cikin sabon injin. In ya ce wanke ta kawai aka yi, rage kuɗin sabuwa daga abin da za ka taya.