Curin fulawar Sinawa da ake turarawa: wanne za ka saya idan kana zaman waje?

Wanda ya taɓa zuwa sarin kaya Guangzhou ya kwana a unguwar Xiaobei ya san daɗin nan: kwandon gora ya sauka a gabanka, a ɗaga murfi, tururi ya buge ka a fuska, ga ƙananan curin fulawa da nama a ciki. A can abin da sauƙi, domin shagunan Musulmi a jere suke. Sai ka koma Landan ko Amurka da zama, kwaɗayin ya motsa, ka rasa ta inda za ka fara.

Abu na farko, ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin sunan zai rage maka asara. Baozi da yis ake kwaɓa shi, yana kumbura ya yi laushi kamar burodi, biyu ko uku sun ƙosar da kai. Jiaozi fatarsa ba yis, siffarsa kamar jinjirin wata; ana dafa shi a ruwa, ana soya gindinsa, wanda aka turara kuma shi ne zhengjiao. Xiaolongbao, ɗan asalin Nanxiang a gefen Shanghai, shi ne mai romo a ciki. Sai na mutanen kudu, wato har gow mai jatan lande da siu mai mai buɗaɗɗen baki, waɗanda ake ci da shayi da hantsi.

Nan ne gizo ke saƙar. A girkin Sinawa idan aka ce nama ba a faɗi na wace dabba ba, alade ake nufi. Romon cikin xiaolongbao kuwa, a al'ada fatar alade ake dafawa har ta narke, a bari ta daskare, a yayyanka a cusa tare da naman; zafin tururi ne ke mayar da ita romo. Siu mai na Kanton, wato yankin Guangzhou, alade ne da jatan lande. Wanda ya fi yaudarar mutanenmu shi ne har gow. Kana hango jatan lande ta cikin fatarsa mai sheƙi, ka ce ai wannan abincin ruwa ne, alhali masu dafa shi da yawa suna zuba kitsen alade don ya yi maiƙo. Na ganye ma ba a rantse a kansa ba. Ga kuma giyar girki ta Shaoxing da ake ɗigawa a haɗin nama. Saboda haka tambayar "akwai alade?" ba ta wadatar ba. Ka tambayi wane kitse aka sa, kuma ko an zuba giya.

Ni dai in za a bi ta tawa, shagon Uygur ko na Hui, ƙabilun Musulmi na ƙasar Sin, za ka fara nema. Alamarsu haruffa biyu ce, 清真, ana karanta ta qingzhen, wato halal, galibi a kan koren allo. Wajen Uygur ka nemi manta: naman rago da albasa, wani lokaci da kabewa, fata siririya, kitse yana naso. Harshen Bahaushe ba ya baƙunta da shi ko kaɗan. Aibinsa ɗaya, idan ya huce kitsen yana kama dasashi, don haka ba abin ƙunshewa a kai gida ba ne. A ci shi a wurin.

Manyan gidajen abinci fa? Din Tai Fung na Taiwan, wanda ya fara da sayar da man girki a 1958 kafin ya koma wannan sana'a, shi ya yi suna da xiaolongbao mai ninki 18. Aikinsu tsaf yake, kuɗinsu kuma ba na kullum ba ne. Reshensu na Dubai da kaza yake yi, amma na Landan yana sayar da alade, kar sunan ya ruɗe ka. Wanda hanya ta bi da shi Hong Kong kuwa, akwai ɗakin cin abinci a ginin Masallacin Ammar da ke Wan Chai, inda ake yin har gow da siu mai na halal. Da wuri ake zuwa.

Idan kwando ya iso, ido ma ya isa alƙali. Har gow mai kyau fatarsa ba ta yagewa idan ka ɗaga, ba ta kuma manne wa takardar ƙasa. Xiaolongbao ya kamata ya ɗan rinjaya ƙasa saboda nauyin romo. In ka gan shi a bushe ya lotsa, ya fashe ke nan ko ya daɗe a wuta. Baozi kuma ka danna shi da yatsa, mai kyau yana tasowa. Shagon da kake ganin ma'aikata suna naɗewa da hannu ya fi wanda ke fito da su daga bayan labule cikin minti biyu.

Na daskare a leda shi ne mafi araha, ana samunsa a kantunan Sinawa irin su Wing Yip a Ingila. Hoton gaban leda ba ya gaya maka komai, juya ka karanta abin da aka haɗa, ka nemi tambarin halal. Haruffa huɗu za su taimake ka: 猪 alade, 牛 sa, 羊 rago, 鸡 kaza. Ledar da ƙanƙara ta taru a cikinta, ko curin suka manne da juna, ta taɓa narkewa aka sake daskarar da ita, ajiye musu kayansu. A gida madambaci ya isa. Shimfiɗa ganyen kabeji a ƙasa, jera su ba tare da sun taɓa juna ba, kar ka jira su narke, ka ba su minti 10 zuwa 12 bayan ruwa ya tafasa. Abin dangwalawa baƙin khal ne na Zhenjiang da yankakkiyar ɗanyar citta, duk da cewa ni yajin ƙuli nake barbaɗa wa na rago.