Injin unguwa ko turmin gida ga mai cutar siliyak

Mai cutar siliyak hanjinsa ba ya jure gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk zai iya ci. Wajen niƙa ne ake samun matsala.

Injin unguwa, ko a Tudun Wada ko a Samaru, akwai sauri, garin kuma ya fito da laushi. Amma injin da zai niƙa miki dawa, wataƙila yanzu ya gama da alkamar fankaso ko ta alkaki, kuma ba a wanke shi tsakanin kwano da kwano. Ɗan garin da ya maƙale a ciki ya isa ya tayar da ciwon, tunda ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya na abincin da za a ce ba shi da gulutin.

Daka kuwa aiki ne ja, sai an tankaɗe an sake mayar da tsaki turmi. Duk da haka ni hankalina ya fi kwanciya da shi, muddin turmi da taɓarya da rariya ba su taɓa ganin alkama ba, domin itace yana riƙe gari a tsagunsa. Idan inji ya zama dole, ki nemi wanda ba ya karɓar alkama sam.