Kala nawa za a buga wa rigar? Abin dubawa kafin a yi ciniki

Ko rigunan ƙungiyar ƙwallon unguwa za ka buga, ko na ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa masu shirin kammala karatu, tambayar mai bugu ɗaya ce: "Kala nawa, kuma guda nawa?" Farashin duk a nan yake.

A bugun sikirin, wato bugun da ake tura fenti ta cikin raga zuwa kan riga, kowace kala da firam ɗinta. Sai an ɗaure raga a jikin katako, an shafa mata magani, an haska zanen a kai, an wanke, kafin a zuba fenti a ja da roba. Kala uku firam uku ke nan, a ja fenti sau uku a kowace riga, ga wahalar daidaita su don kada ja ya hau kan kore. A ce haɗa firam ɗaya naira 5,000 ne. Uku sun kama 15,000. In riguna 20 za ka buga, kowace ta ɗauki naira 750 tun ba a yi maganar fenti da ladan aiki ba. In 300 ne, naira 50 kacal. Shi ya sa 'yan siyasa a lokacin kamfe ba sa jin nauyin kala huɗu, kai kuwa mai dozin biyu sai ka ji a jikinka.

Mai bugu zai ce, "Alhaji, a ƙara ruwan ɗorawa mana, a sa suna a baya, tambari a hannu." Ɗan kasuwa ne, ba laifi. Amma baya firam ne daban, hannu ma haka. Sau da yawa kalar rigar kanta ta isa ta zama kala ta biyu: farin rubutu a kan koriyar riga ya fi tarkacen kala huɗu fitowa daga nesa.

Ƙari ɗaya ne nake ganin bai kamata a yi masa rowa ba. In rigar baƙa ce ko shuɗiya mai duhu, sai an fara shimfiɗa fari a ƙasa an busar, sannan ja ko ruwan ɗorawa ya fito tangaran. Wannan farin ana lissafa shi kala guda, don haka tambayi ko yana cikin kuɗin da aka yanka maka.

In kuwa hoton mutum kake so, ko riguna goma kowace da sunanta da lambarta, bar sikirin ka nemi DTF, wanda ake bugawa a leda a manna da injin zafi. Ba ruwansa da yawan kala, girman zane ake biya. Sai dai babban hoto a ƙirji yana riƙe gumi, kuma ka san zafin Katsina a watan Afrilu.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, a buga maka samfur ɗaya. Ja wurin rubutun da hannu biyu, sannan a wanke da sabulu. Fentin roba da bai gasu ba, wanda ke buƙatar zafin kusan digiri 160 a ma'aunin Salshiyos, nan take zai tsattsage.