Kamfanin jagoran hawan Dutsen Kamaru: abin da ya cika da abin da ya saɓa

Wannan sharhi ne a kan hidimar wani kamfanin jagorori da ke garin Buya, wanda ya hau da ayarinmu na mutanen Garwa da Ngaundere zuwa ƙolin Dutsen Kamaru. Ra'ayina shi ne, kamfanin ya cancanci kuɗinsa a wajen hawa da kula da lafiyar matafiyi, amma tallan da yake yi da hotunan giwaye yana sa mutumin arewa ya tafi da tsammanin abin da ba zai gani ba.

Mu da muka saba da gandun dajin Waza da na Binuwai da na Buba Njida, abin da muka sani shi ne a shiga mota da rani, a nufi bakin tafki ko gaɓar kogi, a tarar da raƙuman dawa ko dorina ko gwanki. Gandun dajin Dutsen Kamaru, wanda gwamnati ta kafa a shekarar 2009 a kan fili mai faɗin hekta dubu 58 da ɗoriya, ba haka yake ba. Giwayen da ke cikinsa giwayen kurmi ne, sun fi namu ƙanƙanta, sun fi ɓuya, kuma sun fi zama a ɓangaren yamma, nesa da hanyar da yawancin baƙi suke bi daga Buya. Abin da muka gani daga gare su shi ne kashi da sawu da rassan da suka karya. Birai kuwa kukansu muka fi ji. Da ma'aikacin ofis ya faɗi wannan tun kafin a biya kuɗi, da babu wanda zai ji an rage masa wani abu, domin dutsen kansa ya isa dalilin tafiya.

Tsawonsa ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a Kamaru da duk Afirka ta Yamma, kuma dutse ne mai aman wuta wanda bai mutu ba: ya yi aman a 1999 da 2000, har narkakken dutsen na 1999 ya gangara ya datse hanyar mota kusa da Bakingili a bakin teku. Ana fara tafiya daga wajen mita 1,000, wato ƙafar mutum ce za ta ɗauke shi sama da mita 3,000 a tsaye. Da farko gonaki ne, sannan kurmi mai duhu da laima, sannan kwatsam bishiyoyi su ƙare a shiga ciyawa, daga bisani ita ma ciyawar ta ƙare a bar mutum da baƙin tsakuwa da iska.

A nan ne jagoranmu ya nuna gwanintarsa, kuma saboda shi ne nake yaba kamfanin. Ɗan ƙabilar Bakweri ne, mutanen da suke zaune a gindin dutsen tun kaka da kakanni, kuma ya ce mana a da farauta yake yi kafin ya koma wannan sana'a. Ya tsayar da mu shiru a cikin kurmi har muka ga makwarwar dutsen mai jan baki da jajayen ƙafafu, wadda babu irinta a ko'ina a duniya sai nan, ya kuma nuna mana bishiyoyin da ake saɓe ɓawonsu a sayar wa masu haɗa magani a Turai, da yadda saɓar ganganci take kashe su. Mafi muhimmanci, ya hana matasanmu gaggawa. Sama da mita 3,000 iska tana sirancewa, numfashi ya yi nauyi, kai ya fara sara, kuma ƙarfin jiki ba ya kare kowa daga wannan. Da ya lura wani dattijo a cikinmu ya daina cin abinci yana kuma tangaɗi, sai ya ce masa cikin ladabi, “Baba, nan ne iyakarka yau, dutsen ba ya zuwa ko'ina.” Ya bar shi da ɗan dako guda a masauki na biyu cikin masaukan da ke kan hanyar hawa, wanda yake kusan mita 2,800, kuma washegari muka iske shi garau.

'Yan dakon ma sun yi aikinsu, musamman wajen ruwa. Abin mamaki ne a ce Debunca, da ke gindin wannan dutse, tana samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, amma a can sama ruwan sha sai an ɗauko shi a ka, domin tsakuwar tana shanye duk abin da ya zuba. Sai a saukowa, a maɓuɓɓugar da ake kira da sunan Gustav Mann, Bajamushen masanin tsirrai da ya hau dutsen a farkon shekarun 1860, muka sami ruwa a yalwace. Sun san baƙi Musulmi: sun tsaya mana lokacin salla ba tare da mun roƙa ba, suka ɗuma mana ɗan ruwan alwala da asuba, kuma mai girki ya yarda ya dafa shinkafa da wake da kifin gwangwani a tukunya daban. Duk da haka, kilishi da dabino da muka taho da su daga gida sun fi komai amfani a kan hanya.

Inda kamfanin ya gaza shi ne kayan kwana. An yi mana alkawarin jakunkunan barci masu kauri, sai aka ba mu sirara waɗanda zif ɗin wasu ya lalace, ga tanti ɗaya da iska take shiga ta gefensa. Sanyin hunturun da muke kuka da shi a Marwa wasa ne idan aka gwada shi da na daren can, inda ma'auni yake sauka kusa da sifiri. Duk mai niyyar tafiya ya buƙaci a shimfiɗa masa kayan a ofis ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sayi rigar sanyi da safar hannu da takalmi mai ƙarfi a kasuwar gwanjo kafin ya taso. Haka kuma a rubuta a takarda ko kuɗin shiga gandu da ladan 'yan dako suna cikin jimillar, domin mun sha gardama a kan wannan bayan saukowa.

Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, kodayake hazo yakan rufe teku da tsibirin Biyoko da ake hangowa idan gari ya washe. A watan Fabrairu aka saba yin gasar tseren hawan dutsen, wadda aka fara a 1973, kuma masauki yana wahala a makon. Daga arewa, jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde ya fi sauƙi, sannan mota ta Duwala zuwa Buya. Yankin Kudu maso Yamma, inda Buya take, yana fama da rikici tun 2016, kuma an saba zaman gida ranar Litinin, saboda haka kada a tsara isowa ko tashi a wannan rana, kuma a kira kamfanin a ji halin da hanya take ciki kafin a yanki tikiti.