Karyar Da Ta San Makewayinta

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Kun sha tambayata yadda kaya da hidima suke a Ingila, na san kuma labarin jirgin ƙasa ko na asibiti kuke jira. Yau kam na kare na kawo muku, sai ku yi mini afuwa, domin maganar ta kashi ce da fitsari.

Aikin kula da tsofaffi nake yi, gida-gida, a ƙauyukan Yorkshire. Cikin waɗanda nake zuwa wurinsu akwai wani dattijo, tsohon makiyayin tumaki, ƙafa ta yi rauni amma bai rabu da karnukansa ba. Nasa ba sa kwana cikin ɗaki kamar na yawancin Turawa, ɗakinsu daban yake a ƙarshen tsakar gida. Ranar da ya ce in riƙe shi mu je can, na shirya toshe hanci. Ko alamar wari babu. Ya buɗe ƙyaure, ya faɗi wata 'yar kalma sau biyu, sai wata karya cikin karnukan ta nufi wani lungu da aka zuba wa tsakuwa, ta tsuguna ta gama, ta dawo ta zauna gabansa tana kaɗa wutsiya. Wallahi tsayawa na yi baki buɗe.

Da na lura, rabin aikin ginin ne ya yi shi. Wurin kwana na katako ne, an ɗaga shi daga ƙasa, shimfiɗa a bushe, kwanon abinci da na ruwa a bakinsa. Sai fili mai shinge, daɓen siminti mai ɗan gangara zuwa kwata, lungun tsakuwar kuma can a nesa. Dattijon ya ce kare da kansa ba ya son ɓata makwancinsa, tun yana ɗan makonni kwikwiyo yake rarrafawa gefe ya yi fitsari. Naka kawai ka ba shi gefen da zai je.

Sauran rabin kuwa na gan shi da idona lokacin da 'yarsa ta kawo kwikwiyo ɗan mako 8. Sanyin nan mai shiga ƙashi, gari bai waye ba, za ka same ta tsaye a lungun da fitila, kwikwiyo a igiya. Da ya farka, can za ta kai shi. Da ya ci abinci, can. Ya gama wasa, can. A wannan shekarun mararsa ba ta riƙe fitsari fiye da awa biyu, shi ya sa ba a jira sai ya nema. Idan ta ga ya sa hanci ƙasa yana zagaye, ta riga ta ɗauke shi. Yana tsugunawa take faɗin kalmar, yana miƙewa take sa masa ɗan nama a baki, nan take, ba sai sun koma ciki ba, don ya gane ladan na mene ne. Abinci ma lokacinsa ɗaya ne kullum, saboda idan ka san lokacin shiga ka san na fita. Da farko takan bar ɗan ragowar kashin a lungun don warin ya kira shi.

Ranar da ya yi kuskure a kan simintin, ko tsawa ba ta yi masa ba. Ta kwashe, ta wanke da wani ruwan wanki da ake sayarwa musamman don kashe warin. Ba ta yarda da mai sinadarin amoniya, domin a hancin kare warinsa na fitsari ne, komawa zai yi ya ƙara. Duka kuwa, ko tura hancinsa cikin kashin, abin da yake koya masa shi ne ya ɓuya maka ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kafin sanyi ya wuce kwikwiyon yana zuwa lungun shi kaɗai.

Kada ku ɗauka kowa a nan haka yake. Doka ce take riƙe da yawa. Dokar 2014 ta ba ƙananan hukumomi ikon cin tarar da ta kai fam 100 nan take ga wanda karensa ya yi kashi a bainar jama'a bai kwashe ba, in ta kai kotu har fam 1,000. Wasu wuraren in ka fito da kare babu ledar kwashe kashi tare da kai, ka yi laifi. Tun 2016 kuma dole a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura ƙarƙashin fata mai nuna mai shi. Duk da haka, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda zai kwashe kashin a leda, ya ƙulle, sannan ya rataye a reshen shinge ya yi tafiyarsa, ga kwandon shara nan gaba kaɗan. Kuma komai na kare sai ka biya, leda, sabulu, mai koyarwa, mai fita da shi yawo. Ga wani abin da har yau bai daina yi mini ciwo ba: in na fita da karyar dattijon, mutum zai durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi sunanta da shekarunta, ni da nake riƙe da igiyar ko kallo ban samu ba. A irin wannan lokacin kewar gida take kama ni, inda ba a wuce mutum sai an tambayi kwanansa da iyalinsa.

Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mai kare zai ɗaure shi da guntuwar sarƙa, a nan zai ci, a nan zai kwana, a nan zai yi kashi, sannan a juyo a ce kare ƙazami ne. To ina zai je? Ko kuwa a sake shi da dare ya ɓata layi, da safe yara su fito wasa a ƙasar. Cikin kashin kare akwai ƙwan tsutsar da in ya shiga cikin yaro yana iya kaiwa ga idonsa. Ƙwan sai ya yi makonni a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa, don haka wanda yake kwashewa kullum ya tare hanyar tun daga tushe. Wannan ba ya buƙatar kuɗin Turawa, lungu ne da tsakuwa da shebur da mutumin da zai tashi da asuba.

Mai babban kare da ya saba kwana cikin ƙazantarsa kada ya fid da rai. Shi ma yana koyo, sai dai ya fi ɗaukar lokaci, kuma sai an fara wanke tsohon wurin tas, an raba makwanci da makewayi, sannan a bi da shi kamar kwikwiyo daga farko.