Na karanta labarin dattijon otal da tattabarunsa

Ƙanwata ce ta kawo mini littafin har shago a Panteka, ta ajiye shi a kan benci tsakanin fankokin da na kwance, ta ce, "Yaya, ga kakan sana'arku." Ƙagaggen labari ne na Turanci da aka gina a kan rayuwar Nikola Tesla, masanin ƙere-ƙeren lantarki. Naɗa koyil ne aikina, Turancina kuma na sakandare ne, don haka sai da na yi mako uku ina bin sa da daddare, rabi da fitilar waya in an ɗauke wuta.

Labarin ya fara ne daga ƙarshe. Tsoho ɗan shekara 86, a ɗaki mai lamba 3327 na otal ɗin New Yorker, ba mata, ba ɗa, sai tattabarun da yake ciyarwa. A ɗakin ya rasu ranar 7 ga Janairu 1943. Daga nan ake komawa baya: haihuwarsa a ƙauyen Smiljan (ƙasar Croatia ta yau) a 1856, zuwansa Amurka a 1884, ɗan zaman da ya yi yana aiki ƙarƙashin Thomas Edison, mai kamfanin lantarki, kafin su raba gari.

Wajen tattabarun nan marubucin ya iya allonsa. Na yi kiwon tattabara ina yaro a Tudun Wada, na san yadda mutum ke zama yana kallon tsuntsu yana tsintar gero har ya manta da kiran da ake masa. Haka ma babin gobarar da ta cinye ɗakin gwajinsa a 1895. Wanda wuta ta taɓa cin shagonsa ba zai karanta wurin nan da busasshen ido ba.

Amma ga inda muka saɓa. An shafe shafuka ana nuna mana mutum mai ƙyamar musabaha, mai ƙirga komai uku-uku, aikin da ya sa aka san shi kuwa an yi masa wucewar walƙiya. Abin kuma ba shi da wuyar faɗa. Wutar da ke zuwa gidajenmu tana kai da komowa ne, a nan Najeriya sau 50 a daƙiƙa. Tesla ya gano cewa in ka jera koyil a zagaye, ka ba su wutar a jere ba lokaci ɗaya ba, ƙarfin maganaɗisun zai riƙa kewayawa ya ja ƙarfen tsakiya ya juya, ba tare da kabon mai gogayya ya cinye ba. Shi ne a fankar silin ɗinku, shi ne a famfon tura ruwa. Irin wannan wutar ce kuma taransifoma ke iya ɗagawa ta yi tafiya mai nisa, kamar yadda take tasowa daga Shiroro zuwa Mando. Irin wutar da Edison yake rabawa a lokacin, mai tafiya gaba kawai ba komowa, da ƙyar take wuce mil guda. Kamfanin Westinghouse ya karɓi fasahar Tesla a 1888, zuwa 1896 wutar da ake samarwa da ruwan Niagara ta isa birnin Buffalo. Duk wannan bai samu ko rabin shafukan da aka ba tattabara ɗaya ba.

Sannan marubucin yana ta yi wa kaɗaicin mutumin ado kamar wata baiwa. Ni tausayi ya ba ni. Hasumiyar Wardenclyffe da Tesla ya gina don aika saƙo ba tare da waya ba, wadda attajiri J. P. Morgan ya zuba wa dala 150,000, an rushe ta a 1917 ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba, kuma a littafin ban ga yaro ko ɗaya da ya zaunar ya koya wa aiki ba. A Panteka, maigidan da bai yaye kowa ba sai a ce da sauransa.

Mai son labari mai ratsa zuciya ya nema, ba zai yi asarar kuɗinsa ba. Babban yaron shagona ya ce in ba shi aro. Na ce to, amma sai ya gama naɗa injin markaɗen Hajiya da ke jira tun Litinin.